Kafin Ka Ce Mai Fenti Ya Tsauwala Maka Kuɗi

Duk inda masu gida suka zauna ana hirar gyare-gyare, sai wani ya jefo maganar mai fenti: "Ɗaki ɗaya fa, kun ji kuɗin da ya yanka mini kuwa?" Sauran su gyaɗa kai, a yanke hukunci cewa masu fenti ba su da tausayi. Ni wannan ce sana'ata, na daɗe ina hawa tsani ina sauka, kuma ba zan ce dukkanmu na kirki ba ne. Akwai macuta a cikinmu, zan zo kansu. Amma yawancin rigimar kuɗin fenti da na gani, tushenta shi ne mai gida bai san abin da yake saye ba, sai ya auna adalcin farashi da ido kawai. Kurakuran kuma iri ɗaya ne, yau a wannan gida, gobe a wancan, har na gaji da maimaita bayani a tsaye.

Babban cikinsu shi ne kwatanta jimilla da jimilla. Ka kira mutum biyu ko uku su duba aiki, wannan daidai ne, ni ma shawarar da nake bayarwa ke nan. Inda ake ɓata abin shi ne ɗaya ya faɗi kuɗinsa, ɗayan ya faɗi rabin haka, kai kuma nan take ka ɗauki na farkon ɓarawo. Ka tambaye su me kowa zai yi da kuɗin? Shafa fenti shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, ya kuma fi sauri. Duk wanda ya iya riƙe rola zai rufe bangon ɗaki cikin 'yan sa'o'i. Abin da ke cin lokaci shi ne wanda ake yi kafin a buɗe bokiti: a kankare tsohon fentin da ya ɗaga, a buɗe tsaga a cike ta, a jira cikon ya bushe, a goge da samfefa har tafin hannu ya bi bangon bai ji tudu ba, a share ƙurar, a wanke maiƙo da hayaƙin kicin, a rufe ƙasa da makunnan wuta da gilashin taga, sannan a yi wa bangon shafin tushe wanda fentin zai kama. A tsohon gida, wannan shiri yakan fi shafin kansa cin kwanaki. Ranar da aka gama kuwa, babu ɗaya daga cikinsu da ido yake gani. Shi ya sa wanda yake son ya karya farashi a nan yake fara ragewa, domin ya san ba za ka gane ba sai bayan ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wata shida, shekara ɗaya, sai ka ga tsagar ta dawo a daidai inda take, fenti yana ɓamɓarowa kamar ɓawon albasa, ka sake kiran wani ya kankare na wancan kafin ya fara nasa. Ka biya sau biyu ke nan, har da ladan kankara. Araha ba ta ado.

Maganin da nake amfani da shi takarda ce. Ba na faɗin kuɗin aiki da baki, kuma ina roƙon masu gida kada su karɓa da baki. A rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. A rubuta sunan fentin da irinsa, shafi nawa za a yi, wane gyara za a yi wa bango, da silin da ƙofofi suna ciki ko ba sa ciki, da wanda zai matsar da kaya ya share wuri bayan an gama. Idan takardu biyu suka zo hannunka a haka, sai ka ga ashe ba aiki ɗaya ba ne suka yi wa kuɗi. Wanda ya ƙi rubutawa, ya ce "kai dai bar mini komai", ni ba zan ba shi aikina ba.

Sai rashin awo. Mutane da yawa suna cinikin fenti da "ɗaki", alhali ɗaki ba ma'auni ba ne. Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 16, ka ninka da 3, ka sami murabba'in mita 48. Cire ƙofa da taga, a ce saura 44. Shafi biyu, 88 ke nan. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya idan bango sumul yake, wato lita 8 zuwa 9 za su ishi bangon ɗakin nan. Silin kuma murabba'in mita 16 ne, shafi biyu ya ci kusan lita 3. Sabon filasta da bango mai kaushi sun fi haka sha, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa ƙiyasin a jikin bokiti, ka karanta. Da wannan lissafin a hannunka, idan wani ya ce ɗakin nan zai ci bokiti biyu masu lita 20, ka san akwai magana. Haka kuma idan wani ya ce lita 4 za ta gama shi, ka san ruwa zai yi maka aikin.

Yanzu ga wanda yake ƙona mini rai har yau: gaggawa a kan danyen bango. Don Allah masu gida, ku daina! Filastan siminti yana buƙatar kusan mako huɗu kafin ya karɓi fenti, wani lokaci fiye da haka idan iska tana da danshi ko ɗakin ba ya samun iska. Ruwan da ke cikin bango dole ya fita, idan ka rufe shi da fenti zai fita ta ƙarfi, ya kwaso gishirin siminti ya taho da shi. Wannan farin garin da kuke gani yana fitowa a gindin bango, da kumburin da fenti yake yi ya fashe, ba laifin buroshi ba ne.

Wani mai gida ya taɓa matsa mini in fara masa aiki mako ɗaya bayan magina sun sauka, wai yana son ya tare. Na ɗora tafin hannuna a bangon, sanyi ƙalau, launinsa ma bai gama washewa ba, akwai duhu-duhu a kusurwoyi. Na gaya masa a jira. Ya ce ai kullum haka muke, neman ƙarin kwana muke don kuɗi ya ƙaru, kuma idan ba zan yi ba akwai mai yi. Ya ce ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya, amma da baki ya faɗa. Na yarda na yi aikin, ya fito fes. Ba a rufa wata uku ba falon ya fara kumbura daga ƙasa, fenti yana zubowa gari-gari a bayan kujeru. Mutumin da ya ce ya ɗauki alhaki shi ne ya bi mutane yana cewa na ci kuɗinsa na shafa masa ruwa. Da kuɗin aljihuna na sayi kaya na kankare na sake, saboda suna ya fi kuɗin aiki ɗaya tsada, amma ayyukan da na rasa a dalilin maganar nan ba su dawo ba. Tun daga lokacin, bango mai danshi ba na taɓa shi ko nawa za a ba ni. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, in liƙe gefunanta huɗu da salatif, in bar ta ta kwana. Idan da safe na ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, ba a shirya ba. Idan kuma danshin daga yoyon rufi yake ko fasasshen bututu, babu fentin da zai tsayar da shi, a gyara yoyon tukuna. Mai fentin da ya ce maka a jira, ba kuɗinka yake hari ba. Kwanakin jiran nan shi ma ba ya samun komai a cikinsu.

Haka zancen yake tsakanin shafi da shafi. Fentin ruwa yakan so sa'a 2 zuwa 4 kafin a maimaita, fentin mai kuwa, wanda ake yi wa ƙofofi da ƙarafa, yakan kai sa'a 16 zuwa 24. Ka ga ƙofa ɗaya za ta sa mutum ya dawo gidanka kwana biyu ko uku, ko da aikin kowace rana bai fi sa'a ɗaya ba. Kada ka yi mamaki idan kuɗin ƙofofi da tagogi ya yi kamar ya fi girmansu.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Juya bango daga launi mai duhu zuwa fari yakan ci shafi uku, ka sa wannan a lissafi. Silin da saman matakala da bangon waje na bene sun fi tsada saboda tsayi da haɗarin faɗuwa, wannan adalci ne. Canza launi bayan an yi rabin ɗaki sabon aiki ne, kai za ka biya. Idan kai za ka sayo fenti da kanka, sayo wanda zai isa gaba ɗaya lokaci guda, domin launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan. Kuma kada ka sayo mafi araha a kasuwa sannan ka ɗora wa mai shafawa laifin rashin rufewa.

Tsohon gida yana da nasa haɗarin da bai kamata a yi ciniki a kansa ba. Fentin mai na da, musamman a ƙofofi da tagogi, yakan ƙunshi dalma. Amurka ta haramta shi a gidaje tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Goge irin wannan fenti a bushe yana watsa ƙurar dalma, wadda take yi wa ƙwaƙwalwar yara illa mai ɗorewa. Idan mai fenti ya ce zai jiƙa kafin ya goge, ya rufe ɗakin, ya sa abin rufe hanci, a fitar da yara da masu juna biyu, kuma kuɗin ya ɗan ƙaru, biya shi.

To, macutan namu fa? Hanyoyinsu sanannu ne. Akwai mai tsinka fenti da ruwa fiye da kima. Shafin farko a sabon filasta ana tsinka shi da gangan don bango ya sha, wannan ƙa'ida ce, amma na biyu da na uku ba a wuce abin da kamfani ya rubuta. Akwai mai karɓar kuɗin fenti mai tsada ya zuba mai araha a tsohon bokiti, akwai mai yin shafi ɗaya ya ce biyu ya yi. Ka ce a buɗe kowane bokiti a gabanka, ka ga hatiminsa lafiya. Ka leƙo bayan shafin farko ya bushe, kafin a fara na biyu. Kada ka biya duka kuɗin tun farko, kada kuma ka ce ba za ka ba da ko kafin alƙalami ba, domin mutumin yana da yara masu taya shi da zai sallama kullum. Ni yadda na fi so, a biya kuɗin kaya, a ba da wani kaso na kuɗin hannu, a riƙe sauran har a duba aiki tare.

Dubawar kuma a yi ta da rana, bayan fenti ya bushe sosai. Kwantar da fitilar hannu a jikin bango yadda haskenta zai bi shi a kwance, duk wani tudu da rami da sawun rola zai fito. Dubi layin da bango ya haɗu da silin, dubi bayan ƙofa da saman taga, wuraren da mai ha'inci yake tsallakewa. Idan komai ya yi, cika masa kuɗinsa a ranar, kada ka sa shi zarya. Ragowar fentin naka ne, rufe shi da kyau, ka rubuta sunan launin da ɗakin da aka shafa a kan murfin, saboda ranar da za a buƙaci ɗan gyara.