Yadda na warware cos 3θ da ƙa'idar De Moivre

Ɗaliban da nake koya wa lissafi da yamma a Tudun Wada, Kaduna, sun kasa riƙe daidaiton cos 3θ, domin haddace shi suke yi, kuma da zarar an shiga jarrabawa sai alamun ragi su rikice musu. Sai na koma da su kan ƙa'idar De Moivre, wadda ta nuna cewa (cos θ + i sin θ)³ = cos 3θ + i sin 3θ.

Muka buɗe bakan hagu a kan allo, muna sa −1 duk inda i² ya fito (domin i ita ce lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1), wanda nan ne yawancinsu ke tuntuɓe. Ɓangaren da ba ya ɗauke da i, wanda shi ne daidai da cos 3θ, ya ba mu cos³θ − 3cos θ sin²θ, kuma da muka maye gurbin sin²θ da 1 − cos²θ, sai amsar ta zama 4cos³θ − 3cos θ. Domin tabbatarwa muka gwada kusurwa mai digiri 60, wadda cos ɗinta 1/2 ne, inda 4 sau 1/8 ban da 3/2 ya ba da −1, daidai da cos 180°. Sin 3θ kuwa, na bar musu su ciro shi da kansu daga ɓangaren da ke ɗauke da i.