Yadda Za Ka Gane Maganin Hawan Jinin Ido da Ya Fi Yi Maka Sauƙi

Mai hawan jinin ido shekaru yake yi yana ɗiga magani, kuma wanda ke sa shi hawaye shi yake fara tsallakewa. Kafin ka kai wa likita kuka, rarrabe abu biyu: zafin da ke zuwa nan take ya lafa cikin minti ɗaya, da jin kamar yashi a ido wuni guda.

Zafin nan take yawanci daga maganin kansa ne. Dorzolamide ya yi ƙaurin suna wajen raɗaɗi domin ruwansa na da tsami, ga ɗaci da yake bari a maƙogwaro. Brinzolamide aikinsu ɗaya, bai cika zafi ba, amma fari ne kamar madara, sai an girgiza kwalbar, kuma gani kan yi dishi-dishi na 'yan mintoci. Wanne ya fi? Direba da mai zaman gida ba za su ba da amsa ɗaya ba. Timolol ba ya cika damun ido, sai dai mai asma ko mai raunin bugun zuciya dole ya sanar da likita. Latanoprost sau ɗaya ne da dare. Yakan sa ido ja, bimatoprost mai ƙarfin 0.03% kuwa ya fi shi sa ido ja.

Idan damuwar ta wuni ce, zargi benzalkonium chloride, sinadarin da ake zubawa don kada maganin ya lalace. Yana busar da saman ido, kuma mai ɗiga kwalba uku ya fi shan wahalarsa. Akwai magungunan da ba su da shi, cikin 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Brimonidine kuma bayan watanni yakan kawo ƙaiƙayi da kumburin fatar ido.

Don kwatantawa, yi mako biyu kana rubuta makin zafi daga 0 zuwa 10, tsawon lokacinsa, da jan ido da safe. Ɗigo ɗaya ya isa. Rufe ido, ka danna kusurwar da ke kusa da hanci minti biyu. Hakan na rage ɗaci da abin da ke shiga jini. Bar minti 5 tsakanin magani biyu, mai kauri ya zo ƙarshe. Kada ka daina da kanka: kai takardar ga likita, ya auna matsin idon kafin ya sauya maka.