Yadda ake haɗa barkwancin siyasa da ke goyon bayan talaka

Kafin ka rubuta komai, ka tambayi kanka: idan jama'a suka fashe da dariya, wa ake yi wa? In mai riƙe da madafun iko ne, ko ɗan kwangilar da ya ci kuɗin asibiti, ko dillalin da ya ɓoye masara har ta yi tsada, to ci gaba. In kuwa almajiri ne, ko bazawara, ko mai sanda, ko ɗan ƙauyen da ya ruɗe a birni, ajiye alƙalamin. Waɗannan duniya ta riga ta yi musu dariyar da ta ishe su, kuma duk wanda ke da'awar bin sawun jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 don ƙwato wa talakawa mutuncinsu, bai dace ya ƙara musu ba.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a tashen watan azumi yara kan caccaki mugun hali a ƙofar gidan kowa, a Damagaram kuma matasa kan kwaikwayi hukumomi a wasan kara. Duk a cikinsu ƙarami ne ke samun damar nuna wa babba kansa. A kan wannan za ka gina.

Mataki na farko shi ne neman gaskiyar magana, kuma nan ne aikin ya fi yawa. Zaɓi labari ɗaya tak, ka tabbatar da shi a kafofin labarai biyu ko uku da ba su kwafi juna ba, ka rubuta rana da adadi da ainihin abin da aka ce. Misali: ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabin rantsuwarsa, cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, lokacin da buhun shinkafa ya wuce wannan kuɗi a kasuwanni da dama. Abin dariyar yana kwance a tsakanin waɗannan lambobi. Kada ka ƙara musu gishiri. In ka ce lita ta kai wani farashin da ba ta kai ba, 'yan kanzagin gwamnati za su riƙe wannan kuskure su binne sauran gaskiyar da ka faɗa.

Daga nan ka nemo giɓin da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake gani, ka bi maganar jami'in har ƙarshenta kamar ka yarda da ita. A 2018 an ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurɗi. Mai gaggawa zai tsaya kan ma'aikaciyar da ta faɗi haka, alhali ita ƙaramar ma'aikaciya ce. Wanda ya ƙware zai nuna an kafa kwamitin binciken macijin, an ware wa kwamitin kuɗin zama da na otal, har abin da aka kashe ya zarce abin da ya ɓata. Da haka dariyar ta tashi daga kan mutum ɗaya ta koma kan tsarin da ya saba cin dukiyar jama'a.

Wajen rubutu, bidiyon TikTok ko Facebook kada ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90, wato shafi ɗaya. 'Yan wasa biyu ko uku sun isa. Cikin daƙiƙa biyar na farko mai kallo ya gane waye wa: babbar riga da ɗan rakiya mai riƙe da jaka sun wadatar. Ka maimaita wautar sau uku, kowace ta fi ta baya girma, sannan ka bar kalma mafi zafi ta zo a ƙarshen jimla, ka yanke nan take. Maganar ƙarshe ta fito daga bakin talakan da ke cikin wasan. Kada ka bar shi yana kuka kawai ko yana kame-kame. Ba shi wayo, ya zama shi ne ya gano bakin zaren. Sauti ya fi hoto muhimmanci, don haka ka nisanci janareta da bakin titi.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne wa'azi. Da zarar ɗan wasa ya juyo ya fuskanci kyamara yana bayanin illar jari-hujja, an bar barkwanci an shiga lacca, masu kallo kuma sun wuce. Na biyu shi ne kwaikwayon harshen wata ƙabila. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, yana tafiya ne domin kowa na iya ramawa ido da ido. A intanet babu wannan ramuwa, kuma a lokacin da ake jingina ta'addanci ga ƙabila guda, karin harshen da ka ɗauka wasa kan zama makami a hannun wani. Haka ma tsufa ko rashin lafiyar shugaba: manufarsa ce ta jefa mutane cikin yunwa, ita za ka kama. Ranar da aka kashe mutane a ƙauye, ba a raha da gawa. Jira, sannan ka auna jami'in da ya fitar da sanarwar jaje irin wadda ya fitar bara.

Sai shari'a. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sassa na 391 da 392 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, sun hukunta ɓata suna, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, kan bidiyon da suka yi game da gwamnan jihar na lokacin, Ganduje. Saboda haka ka rungumi habaici da gugar zana. Ƙirƙiri "Ranka ya daɗe Ciyaman" na wata ƙaramar hukuma da babu ita a taswira. In dole sai ka ambaci suna, tsaya kan abin da mutumin ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a, ka ajiye hoton labarin da cikakken bidiyonka, domin ana iya yanko daƙiƙa goma a juya maka magana. Addini kuwa kada ka kusance shi, ko da malamin da ke tallar ɗan takara kake nufi; tsaya kan ambulan ɗin da ya karɓa.

Kafin ka saki, nuna wa mutum biyar da ba abokanka ba, cikinsu har da mace da wanda abin ya shafa kai tsaye, kamar ɗan adaidaita sahu in batun mai ne. Tambaye su wa aka yi wa dariya. In biyu suka ambaci wanda ba shi ka nufa ba, sake rubutu.

Bayan fitarsa za a yi ƙorafi, sai ka duba daga ina ya fito. In masu mulki ne da sojojin bakansu, ba ka da haƙurin da za ka bayar, muddin hujjarka na hannu. In masu buƙata ta musamman ne, ko mata, ko 'yan gudun hijira suka ce ka taka su, saurara, ka cire wurin, ka nemi afuwa a fili ba tare da "in ran wani ya ɓaci" ba. Kuma kada ka karɓi kuɗin ɗan siyasa, ko na adawa ne. Gobe shi zai hau kujera, kuma ranar da ya ƙara kuɗin makaranta ba za ka iya buɗe baki ba.