Shawara ga masu sa wa Prius batirin lithium

Jama'a masu Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 da suka ƙara mata batirin lithium na cajin soket, don Allah kar ku tsaya a haɗa waya kawai. Kwamfutar batirin motar nan an gina ta ne a kan tsohon batirin NiMH (irin na nikel da motar ta zo da shi) mai bolt 201.6, kuma ita tana riƙe caji tsakanin kashi 40 da 80, tana son zama wajen 60, to idan ba a gyara abin da take gani ba sai ka ga batiri cike fal amma inji na ta tashi yana shan mai, ga dashbod ya cika da fitilu.

Matsalar batirin lithium nau'in LiFePO4 kuwa bolt ɗinsa ba ya motsi sosai, ƙwayar batiri ɗaya tana nan wajen bolt 3.2 har ta kusa ƙarewa sai ta faɗo tim. Shi ya sa lissafin caji da bolt kaɗai yaudara ce wallahi. Ka sa BMS, wato na'urar kula da batiri, mai ƙirga wutar da ke shiga da fita, wanda kuma zai iya magana da motar ta layin CAN, wato wayar da kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinta. Ni nawa na saita shi ya yanke caji a bolt 3.55 kowace ƙwaya, ƙasa kuma 2.9, ban yarda in kai shi 3.65 ba ko kaɗan.

Kar a cire na'urar jin zafi ko fankar baya mai sanyaya batiri, balle da zafin Afrilu. Sannan kafin ka taɓa komai zare filogin nan ruwan lemo mai katse wutar babban batiri, ka jira minti goma, ka sa safar hannu ta masu wuta.