Kurakuran Masu Ɗorawa Kan Labarin Sherlock Holmes

Arthur Conan Doyle ya bar littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kan ƙirƙirarren mai binciken laifuka Sherlock Holmes, tsakanin 1887 da 1927. Tun farkon 2023, da haƙƙin mallakar na ƙarshensu ya ƙare a Amurka, hanya ta ƙara buɗewa ga mai son ɗorawa, wato rubuta sabbin labarai a kansa. Sai dai wuraren da ake tuntuɓe kusan iri ɗaya ne.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wulaƙanta Dakta Watson, abokin Holmes. Sai ka ga an mai da shi dolo, ba ya komai sai sakin baki yana mamaki. Alhali likita ne, ya yi aikin soja a Afganistan, kuma kusan duk labaran daga bakinsa muke jin su. Yana ganin laka a takalmin baƙo, yana ganin inda hannun riga ya goge, haɗa su kawai ke gagarar sa. Ka bar masa hankalinsa. Bari ya yi hasashe mai ma'ana, irin wanda mai karatu zai yarda da shi, sannan Holmes ya nuna inda zaren ya tsinke. Ta haka ake ganin ƙwarewar Holmes ɗin.

Daga nan sai ɓoye hujja. Holmes ba boka ba ne. Idan a shafin ƙarshe ya zaro wasiƙar da ba a taɓa ambata ba, an cuci mai karatu. Maganinsa shi ne ka fara daga ƙarshe: san wanda ya yi laifin, da yadda ya yi, da abin da ya bari a baya. Sannan ka warwatsa alamomin a gaban Watson, kowace a cikin zancen da zai ɗauke hankali daga kanta.

Moriarty kuma, babban abokin gaban Holmes, a bar shi ya huta. Doyle ya fito da shi ne a 1893 don ya kawo ƙarshen Holmes a magangarar ruwan Reichenbach ta Suwizalan, ba shi ke bayan kowace sata ba. Irene Adler ma, matar da ta fi Holmes wayo, a labari ɗaya tak ta bayyana, kuma ba soyayya suka yi ba. Yawancin masu hawa benen 221B Baker Street, gidan Holmes, ƙananan mutane ne: malama mai neman aiki, ɗan kasuwa, matar da mijinta ya ɓace.

Sai lura da zamani. 'Yan sandan Landan na Scotland Yard ba su kafa sashen zanen yatsu ba sai 1901, don haka kada sufeto ya dogara da shi a labarin 1888. Saƙon gaggawa a lokacin talgiram ne na wayar tangaraho, zirga-zirga a Landan kuma keken doki ko jirgin ƙasa. Kafin ka rubuta layin farko, zaɓi shekarar labarinka ka binciki abin da ke akwai a cikinta.