Yadda na gyara Red Alert 2 a faffaɗan allo

Red Alert 2 wasan yaƙi ne na kwamfuta na shekarar 2000, an yi shi don allo mai 4:3. Da na sayo faffaɗan allo a kasuwar Terminus ta Jos, sai tankokin suka baje kamar gurasa, wani lokacin ma allon ya yi baƙi ƙirin, sauti kawai ke tashi. Abin ya dame ni, don da wasan nan muka taso ni da yayana a Unguwar Rogo.

Na buɗe ra2.ini, wato fayil ɗin saitin wasan, da Notepad, a sashen Video na sa ScreenWidth=1920 da ScreenHeight=1080. Baƙin allon kuwa bai tafi ba sai da na zuba cnc-ddraw, wata ƴar manhaja mai gyara hoton tsofaffin wasanni, cikin folda ɗin wasan, na sa maintas=true a fayil ɗin saitinta, ddraw.ini, don kada hoto ya miƙe. Fili ya buɗe sosai, amma sojoji suka koma kamar tururuwa, sai na sauko 1280 da 720.