Yadda za ka sha tetrasaikilin ya yi maka aiki

Wani dattijo ya zo inda nake ba da magani, ya zaro kafso ja da rawaya, wato tetrasaikilin, maganin cututtukan bakteriya, daga aljihun rigarsa, ya ce da fura da nono yake kora shi. Na ce, "Baba, ku zauna tukuna, nonon nan ne ke cinye muku maganin."

Ga abin da na faɗa masa. Ƙwayar bakteriya ba ta girma, ba ta hayayyafa, sai ta ƙera furotin. Wurin ƙirar ana kiransa ribosom, kuma ɓari biyu ne, 30S da 50S. Ka ɗauke shi kamar magini: lebura yana miƙo bulo ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana jerawa. Tetrasaikilin, wanda aka samo na farkon danginsa daga wata bakteriyar ƙasa a shekarun 1940, zuwa yake ya tsugunna kan 30S, daidai inda lebura zai sauke bulo. Gini ya tsaya cak. Namu ribosom ɗin ƙirarsa daban ce, shi ya sa maganin bai cika taɓa mu ba.

To amma tsayar da ƙwayoyin bakteriya yake yi, ba kashewa ba. Garkuwar jikinka ce ke ƙarasa su. Ka tsallake shan magani sau biyu, maganin ya ragu a jini, maginin ya koma bakin aiki. Don haka ka riƙe lokaci, ka kuma cika kwanakin da likita ya rubuta ko da ka ji sauƙi.

Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana maƙale maganin tun a hanji, ya hana shi shiga jini. Haka maganin ƙarin jini da na ƙwannafi. Ka bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakaninsu.

Ka haɗiye kafson yadda yake, kada ka fasa shi cikin kunu. Ka bi shi da kofi cike da ruwa, a zaune ko a tsaye, kuma kada ka kwanta sai bayan minti 30, don idan ya maƙale a maƙoshi yana ƙuna. Wanda aka ba ƙaninsa, doksisaikilin, ya rage yawo cikin rana tsaka, fata kan ƙone da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara 8 ba a ba su tetrasaikilin, domin yana shiga haƙoran da ke tsirowa ya rina su, rinin da asuwaki ba ya gogewa. Yaro na zawo, kada a ba shi wannan kafso, a fara haɗa masa ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.